Turaren da Ba Ya Kwana a Riga

Ni mutum ne mai zargi, kuma sana'a ce ta mai da ni haka. Ina da shagon taki da maganin feshi a Malumfashi, duk wanda ya daɗe a wannan harka kuwa ya san ba a yarda da kwalba don kyan takardar da ke jikinta. Na ga maganin ciyawa da aka fesa wa gona, ciyawar ta ƙara yin kore shar kamar an yi mata ban ruwa. Na ga buhun taki da rabinsa yashin rafi ne. Shi ya sa ko ruwan gora aka miƙo mini a gidan biki, sai na juya murfin na tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba. Matata takan ce ruwan alwala ne kaɗai ban fara bincika ba. To amma duk zargina, ban kama ƙafar mahaifiyata ba, wadda muke kira Inna.

Gidanmu yana wani ƙaramin gari tsakanin Kafur da Gozaki, kuma tun ina yaro ba a san gidan da komai ba sai ƙamshi. Inna ce mai haɗa wa amaren yankin turaren wuta da humra. Ta daka kajiji, ta jiƙa itacen sandal a mai, ta rufe a tulu ta manta da shi har sai ya nuna. Ma'auninta na turare ɗaya ne tak, wato daɗewa. In ta turara wa Baba babbar rigarsa, to ko an wanke ta an kai wa mai bugu, an ninke an jefa a akwati, ranar da aka fito da ita sai ɗakin ya ɗauka. Ta sha gaya wa masu saye cewa turaren da bai kwana a riga ba asara ce kawai. Ba wanda ya taɓa yi mata musu, don dukkanmu a kan haka muka tashi.

Baba kuma yana da aboki, Bamaguje, shi ne sarkin noman wata unguwar Maguzawa da ke bayan rafi. Sarkin Noma kowa ke ce masa, mu ma haka. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, girma bai raba su ba, addini ma bai raba su ba. Da Baba ya dawo daga Makka, Sarkin Noma ya zo barka ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, an je an wanko, saura a daina rowa." In suka haɗu Baba kan ce, "Tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba?" Shi kuma ya ce, "In mutu in bar ka ka cinye gari?" Sai sun gama wannan sannan a tambayi iyali.

Baba yana da wata gonar gado a bakin rafin, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa. Tun kafin a haife ni ya ba Sarkin Noma aronta, don ta fi kusa da unguwarsu, nasu gonakin kuma tudu ne mai tsakuwa. Da ita yake ci da gidansa. Babu takarda, babu shaidu. In bazara ta yi nisa sai ya zo zaure ya ce, "Alhaji, zan shiga." Baba ya ce, "Shiga mana, wa ya riƙe ka?" Shi ke nan an sabunta aro.

A shekarar da nake ba da labari ƙanena ya yi aure, shi kuma bai yi nisa a boko ba, noma ne abin yinsa. Inna ta kafa ta tsare a kan lallai Baba ya karɓi gonar bakin rafi ya ba shi. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Ƙasa ta yi daraja a yankinmu, masu hali daga Funtua suna bin ƙauyuka suna kama hayar duk inda masara za ta yi, kuma mutumin da ke da ɗa a gida ba ya rasa dalilin karɓar abinsa. Baba ya ce a ba shi lokaci, zai yanke magana kafin ruwan shuka. Kowa a gidan ya sani, na tabbata Sarkin Noma ma ya ji, don magana ba ta ɓuya a ƙauye.

Ana cikin wannan jiran turaren ya shigo gidanmu.

Na zo gida wata safiyar Juma'a a tsakiyar bazara, irin zafin nan da tun hantsi kaji ke buɗe baki a gindin randa. Na tarar da Baba a zaure yana juya wata kwalba a hannu yana murmushi. Doguwa ce, gilashinta mai kauri, ruwan cikinta fari da ɗan rawaya-rawaya. Ya ce Sarkin Noma ne ya kawo masa jiya. Wai ɗansa da ke aiki a wani otal a Abuja ne ya aiko masa ta hannun direba, shi kuma ya ce me zai yi da turare, mutumin da ke wuni cikin takin shanu, gara ya kawo wa mai zuwa masallaci.

Abu na farko da na yi, na karɓa na duba murfin da gindin kwalbar. Baba ya fizge ya ce in bar masa halin shago a shago, ya fesa mini a bayan hannu. Gaskiya ban taɓa jin irinsa ba. Ƙamshin lemon zaƙi ne da aka ɓare yanzu-yanzu, da kaifin lemon tsami a kansa, can ƙasa kuma wani ɗan ɗaci-ɗaci irin na ɓawo da ɗanyen ganye. Ba nauyi, ba maiƙo, ba hayaƙi. Sanyi gare shi. A cikin wannan zafin sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa a wuya. Mu da muka saba da turaren da ke riƙe maƙogwaro, wannan buɗe ƙirji yake yi, kuma ba zan ɓoye ba, ya burge ni.

Baba ya ture rigar da Inna ta turara masa, ya ɗauko wata farar shadda wankakkiya, ya feshe ta gaba da baya, har da hula. Wannan kaɗai ya isa laifi a wurin Inna, ta dai bi shi da ido. Muka kama hanyar masallaci mutane suna waiwayowa. Mai shayin bakin titi ya tambaya ko lemo muka ɗauko. Baba sai wani ɗaga kafaɗa yake yi yana cewa, "Daga Abuja ne."

Kafin liman ya sauko daga mumbari, babu shi. Ina kusa da Baba a sahu, na gan shi yana ɗaga hannun riga yana shinshinawa a ɓoye, ya juya ɗaya hannun, ya sunkuyar da hanci cikin wuyan rigar. Ni ma na matsa na ja numfashi. Zufa na ji, da sitati, da ƙurar tabarma. Na dattijon da ke gabanmu kuwa, wani baƙin turaren mai, yana nan daram, har waje ya biyo mu.

Da muka dawo Inna ta karɓi rigar a tsakar gida. Ta kai hanci wuya, ta kai hammata, ta kai aljihu, ta juya cikinta waje. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba Baba ba.

"Ina ya tafi?"

Na ce, "Wa, Inna?"

"Turaren. Da idona na ga an zuba shi, rigar nan har da danshi. Yanzu ko alama babu. Abu ba ya ɓacewa haka nan. Ina ya tafi?"

Baba ya yi dariya ya ce iska ce ta sha. Inna ta rataye rigar a igiya ta koma ɗaki.

Da wannan kaɗai ne, da an yi mita an manta. Amma a ranar, bayan la'asar, Baba ya kira ni da ƙanena, ya ce Inna ma ta matso. Ya ce ya gama tunani, gonar bakin rafi tana nan a hannun Sarkin Noma. Ƙanena zai ɗauki rabin babbar gonar da ke bayan gari, kuma shi Baba zai tsaya masa da taki. Ya ce, "Mutumin nan a cikin gonar nan ya tsufa. Ba ni zan fidda shi da furfura ba." Na san Baba, na san abin da zai faɗa ke nan ko da turare ko babu. Ranar da ya zaɓa ya faɗa ce ta ɓata komai.

Ina shirin komawa Malumfashi Inna ta kira ni ɗakinta, ta saki labule.

"Kai da kake ganin kana da wayo, tsaya ka duba mani. Mutum shekara da shekaru bai taɓa kawo ma Babanku ko turaren tsinke ba, sai bana da ya ji za a amshi gona. Babanku ya shafa da hantsi, da la'asar magana ta juya. Kuma ka gani da hancinka, bai tsaya a riga ba. Turaren kirki riga yake kamawa. Wanga ya ratsa riga ya shige jiki, don jikin aka aiko shi."

Na ce, "Inna, ai Baba bai juya magana ba. Bai taɓa cewa zai karɓa ba."

"Da zai ce."

"Kuma ɗansa ne ya aiko masa."

"Wane ɗan? Wanda ko bikin ƙanwarshi bai zo ba? Yaron da ya manta hanyar gidansu, shi zai tuna da hancin ubanshi? Kuma ka san mutanen bayan rafi ba a raba su da saiwa da sassaƙe. Ba ka ji ƙamshin ɓawo a ciki ba?"

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ɗauka Inna ce ta ƙirƙiro wannan tunanin, amma ba haka ba ne. Kowa ya taɓa jin labarin turaren da aka yi wa aiki, aka ba mutum ya shafa don a ɗaure masa baki ko a juya masa zuciya. Ba a mai da turare in an miƙo maka, rashin ladabi ne, amma na san dattijan da ke karɓa a bayan hannu da fara'a, in mai shi ya juya su goge a ƙasan tabarma. Abin da Inna ta ƙara kawai shi ne hujja, kuma hujjar daga sana'arta ta fito. Ita a saninta ƙamshi ba ya mutuwa da wuri. In bai zauna a inda aka sa shi ba, to wani wuri ya koma.

Ni kuwa zargina daban ne. Jabu nake gani. Na ce a raina an sami tsohon ƙauye da yaronsa mai son a sani, an cika musu kyakkyawar kwalba da ruwa da ɗan ruwan lemo. Na ga in na tabbatar da haka, Inna za ta sauko, don jabu ba laifin Sarkin Noma ba ne. Saboda haka na roƙi Baba ya ba ni aron kwalbar, na ce zan nemo masa irinta, na tafi da ita Funtua ranar da na je sarin kaya.

Akwai wani mai turare a kasuwar, shagonsa ba nisa da inda nake sari. Ya karɓa ya ɗaga ta sama, ya girgiza, ya fesa a wuyan hannunsa, ya jira, ya sake shinshinawa. Ya ce na gaske ne, kuma mai tsada. Ya ce irin waɗannan daga man ɓawon lemo ake yin su, don lokacin zafi, don mutum ya ji wasai in ya fito wanka, ba don a kwana da su ba. Shi ƙamshin lemo ba shi da nauyi, shi ke fara tashi, zafi kuma kora shi yake yi. Wanda ke zaune a ofis mai sanyi yana iya kai azahar da shi, amma mai tafiya a ƙasa a ranar bazararmu, sai dai ya yi haƙuri. Na itace da miski su ne masu zama. Har na fara gyaɗa kai, sai ya jawo wata 'yar kwalba daga bayansa ya ce in ana so ya daɗe, sai a fara shafa wannan a fata sannan a fesa a kai. Nan na ja baya. Wannan salon na san shi, ni ma da shi nake haɗa wa manomi maganin ƙwari da na ciyawa. Na karɓi kwalbata na yi masa godiya.

A tasha na sayi lemo. Da mota ta tashi na matse ɓawon a hannun rigata har ya yi tabo, matar da ke kusa da ni tana harara ta. Ƙamshi ya cika kujerarmu. Kafin mu shiga Malumfashi na shinshina, tabon ne kawai ya rage. Sai a lokacin na yarda da mai turaren.

Na kai wa Inna wannan bayani da murnata, har da nuna mata tabon. Ta saurare ni tsaf tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "To lemo ai lemo ne. Wa ya ce a ɗura shi a kwalba a kira shi turare? Kuma da ka ce na gaske ne mai tsada, ai ka ƙara mani. A kan na gaske ake yin aiki, wa zai ɓata aikinshi a kan jabu? Kuma mi ya sa aka zaɓo wanda ba ya barin shaida?" Na tafi neman abin da zai wanke Sarkin Noma, na dawo mata da abin da ya ƙara ɗaure shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ta miƙo hannu ta karɓi kwalbar ta ce ita za ta ba Baba.

Ba ta ba shi ba. Ta sa ta a wata tsohuwar tukunya ta kife a bayan rumbu, wai kada ta kwana a ɗakin da mutum ke kwana. Da Baba ya tambaya, ta ce ta adana masa sai Sallah, irin wannan ba na kullum ba ne. Ya ɗan yi mita ya bari. Daga nan ɗakinsa ya shiga shan hayaƙin tazargade safe da yamma, wai maganin sauro, a lokacin da ko sauro ɗaya babu. Kununsa ya fara yin wani duhu-duhu, ya ce gero ne bai wanku ba, ni kuwa na san rubutu ne.

Duk abin da Baba ya yi a kwanakin nan ya zama shaida. In ya yi barci bayan azahar, ta ce da ba ya yi. In ya rage tuwo, ta ce an cire masa son abincin gida. Ranar da ya yaba shanun huɗar Sarkin Noma a gabanta, ta dube ni ta gefen ido har sai da na sunkuyar da kai. Kuma zargi yana da kamuwa kamar mura. Ni da na matse ɓawon lemo da hannuna, sai na tsinci kaina ina leƙen idon Baba in yana magana, ina auna ko muryarsa ta canza. Ba ta canza ba. Amma in mutum ya daɗe yana kallon abu da neman aibi, sai ya fara ganin kamar akwai.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Kowa ya gama sharar gona. Ranar kasuwar garinmu na kawo wa Baba irin masara, muna zaune a zaure bayan azahar sai ga Sarkin Noma da malfarsa da sandarsa. Suka yi 'yan zage-zagensu, Sarkin Noma ya tsokane ni ya ce mai taki, bana yashin wane rafi za ka sayar mana. Ya sha ruwa, ya goge baki, ya ce, "To Alhaji, zan shiga."

Baba ya buɗe baki ke nan sai ƙofar cikin gida ta motsa. Aka turo faifai a ƙasa, kwalbar tana tsaye a kansa. Inna ba ta fito ba, muryarta ce ta fito.

"Sarkin Noma, sannu da zuwa. Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ya zafi?"

"Zafi lokacinshi ne. Ga turaren da ka kawo, mun gode ƙwarai. Amma dai ka ɗan shafa mu gani, tunda an ce kai ba ka taɓa shi ba."

A wajenmu ba mai bukatar a fassara masa wannan. Daidai yake da ka kawo wa mutum abinci ya ce ka fara ci. Na ji kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Baba ya daka tsawa ya ce, "Ke! Mi ne ne haka?" Sarkin Noma ya ɗaga masa hannu.

Ya kalli faifan. Sannan ya ɗauki kwalbar, ya yi ta murza murfin da manyan yatsunsa, bai san ja ake yi ba. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, na cire na mayar masa. Ya fesa a ƙirji. Ya fesa a hammata, a gemu, a tafin hannu biyu, ya cire malfa ya fesa a tsakiyar kai. Daga nan ya buɗe baki ya fesa a harshe. Tari ya sarƙe shi, idonsa ya kawo ruwa, Baba ya tura masa kwanon sha ya ƙi karɓa. Zauren ya cika da ƙamshin lemo har yana hawa kai. Ya miƙe ƙafafu, ya jingina da bango, ya ce, "To, mu jira ya shiga."

Baba ya ce, "Don Allah tashi mu tafi kasuwa. Zancen mata ne, kai ma ka sani."

"Na sani. Kai fa, Alhaji, ka sake shafawa tun ranar?"

Baba ya ce an adana masa ne sai Sallah. Sarkin Noma ya gyaɗa kai a hankali. Ina jin wannan amsar ta fi faifan yi masa ciwo.

Muka zauna. Ban taɓa bin mutuwar ƙamshi daki-daki ba sai ranar, don ba abin da ya rage mana mu yi. Kaifin lemon tsamin ne ya fara tafiya. Zaƙin ya ɗan jima, yana zuwa yana komawa in iska ta shigo ta ƙofa. Daga baya sai ɗan ɗacin ganyen nan kaɗai, siriri, sai ka neme shi. 'Yan kasuwa suna wucewa a kan babura suna ɗaga mana hannu, muna amsawa kamar ba komai. A bayan ƙofa kuma ko motsi babu, amma na san Inna tana nan. A hankali zauren ya koma warinsa na kullum, ƙasa da buhunan masara da zufar mutum uku.

Da aka fara kiran la'asar ya miƙo mini hannun rigarsa ya ce, "Mai taki, shinshina." Na shinshina na ce babu. Ya ce, "To, ya shiga ke nan." Ya juya wajen ƙofar.

"Hajiya, kina ji na? Aradu, da ina da abin da ke juya zuciyar mutum, ba kan mijinki zan ɓata shi ba. Abuja zan aika da shi. Yaron nan tun da ya tafi, kwalbar ga ita ce abu na farko da ya aiko mani. Na aje ta a ɗaki ina kallo, na ce ni ban san darajarta ba. Bari in kai ma wanda zai shiga cikin mutane da ita, in an tambaye shi ya ce ɗan Sarkin Noma ne ya aiko."

Baba ya kama hannunsa ya ce, "Gona taka ce. Shiga, bana da baɗi, har iyakar ranka."

"A'a, Alhaji. In na shiga, duk damin da na ɗaure za a ce turare ne ya ɗaure shi. Ku ba yaron. Naku ya zauna gida, ya cancanci gona."

Ya laluba murfin a tabarma ya rufe kwalbar, ya sa a aljihu, ya dogara sanda ya miƙe. Baba ya bi shi waje ba takalmi. Na ji Sarkin Noma yana ce masa ya koma, ana kiran salla, kada ya rasa jam'i saboda shi.

Na shiga cikin gida a fusace. Na sami Inna a bakin murhu tana tura kara a wutar da ba ta bukatar ƙari. Na tsaya a kanta ina jiran ta ce wani abu. Ba ta ɗago ba, ta ce a hankali, "Ai dama ba ya kama mai shi." Ban san ko ni take gaya wa ko kanta ba. Baba yana tsaye a bayana da ƙura a ƙafa, ya ji. Ya ɗauki butarsa ya ce mata, "An ba ɗanki gona."

A wannan makon ne ruwa ya sauka. Ƙanena ya shuka masara a bakin rafi, ta yi kyau ƙwarai, haka take yi duk shekara. Sarkin Noma ya koma tudunsa mai tsakuwa. Bai yi gaba da kowa ba, in an haɗu a kasuwa ana gaisawa, amma bai sake taka zaurenmu ba. Baba ya je unguwarsu ya fi a ƙirga, ana shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a rako shi har bakin rafi, maganar gona kuwa ba a bari ya ɗauko.

Da kaka ƙanena ya kawo buhunan farko ya jingina a tsakar gida, ya ce na Baba ne. Baba ya ce a kai wa mahaifiyarsa. Har yau in Inna ta ajiye masa tuwo, kafin ya sa hannu sai ya tambaya masarar wace gona ce.